Wa ya kafa Katsina? Gardamar da ta tsare mu a Ƙofar Kwaya

Ranar wata Litinin da la'asar muna dawowa daga makaranta a Keke Napep, mu uku a baya ɗaya a gefen direba, sai cunkoso ya riƙe mu daf da Ƙofar Kwaya. Duk wanda ke karatu a makarantun da ke kan hanyar Dutsin-ma ya san wurin, ya kuma san yadda yake cika idan an tashi. Muna tsaye ana ta danna hon, sai abokin karatunmu da ya zo daga Jos ya leƙa waje ya ce, "Wai ku Katsinawa kullum ƙofa kaza, ƙofa kaza. To wa ma ya kafa garin nan naku?"

Ni na fara amsawa, da ƙarfin gwiwa kuwa, na ce Bayajidda. Na kusa da ni ya ce in daina ba da mu, Korau ne, ai shi ya sa ake ce wa fadar sarki Gidan Korau. Na gaba ya waiwayo ya ce shi a gidansu Ummarun Dallaje ya taso ya ji ana faɗi. Direba, wanda tun ɗazu bai ce uffan ba, ya rage rediyo ya ce, "Ku 'yan boko kun cika wahalar da kanku. Ba ku ji ana cewa ta Dikko ba?"

Ɗan Jos ya bushe da dariya. Ya ce, "Gari ɗaya, uba huɗu?"

Wallahi abin ya tsaya mani a rai. Ga ni ɗalibin aikin jarida, na san shekarar da aka ƙirƙiri Facebook da sunan mai shi, amma garin da aka yanke mani cibi na kasa ba da labarinsa na minti biyu. Sai na ɗauki 'yan makonni ina karatu ina tambaya. Abin da na samo ya fi amsar da na fita nema. Duk sunaye huɗun nan suna da gurbi a tarihin Katsina, amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya zo ya tarar da fili fayau. Kowanensu daga wani wuri ya fito, kuma kowanensu ya iske mutane.

Kafin a yi birni

Bari in fara da tawa amsar, don ita ta fi kowace rauni. Ko a cikin labarin da muka koya a firamare, Bayajidda Daura ya sauka, can ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, can ya auri sarauniya. Wanda labarin ya danganta da Katsina jikansa ne, Kumayau ɗan Bawo. Kuma Kumayau ɗin ma ba a cikin birnin da muka sani yau aka ce ya zauna ba. Tsohuwar cibiyar mulki tana Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani, kimanin kilomita 30 gabas da Katsina.

A nan ruwayoyi suka rabu. Wata ta ce Kumayau shi ne tushen sarakunan Durɓawa. Wata kuma ta ce ya tarar da Durɓawa suna mulki ne ya ci su da yaƙi, har ana ambatar wani sarkinsu Janzama da ya auri wata gimbiyar Daura mai suna Katsina, wai daga gare ta sunan ya samo asali. Kowace ka ɗauka, abu ɗaya bai canza ba: akwai jama'a a wannan ƙasa tun kafin sunan farko da ke cikin jerin sarakuna.

Durɓi ta Kusheyi ba tatsuniya ba ce, wuri ne da za ka hau mota ka je. Akwai manyan tuddai na kaburbura a can, su ne kusheyin da ke cikin sunan. A 1907 Baturen mulki Palmer da Sarki Muhammadu Dikko suka sa aka tona wasu. A 1992 aka sake tona uku a wani bincike da masanin tarihi Bajamushe Dierk Lange ya jagoranta tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya. An samu kayan ado na zinariya, da awarwaron hauren giwa, da duwatsun wuya, da wuri, da wani kwanon ƙarfe da masana suka ce aikin ƙasashen Gabas ta Tsakiya ne. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su aka auna shekarunsu, gwajin ya nuna kaburburan sun faɗo tsakanin ƙarni na 13 da na 16.

Ka tsaya ka auna wannan. Wuri ba a tafkin Ajiwa ake samunsa ba, daga teku yake zuwa. Kwanon nan kuwa sai da ya ƙetare Sahara. Ke nan shekaru ɗari shida ko bakwai da suka wuce, mutanen ƙasar Mani suna da hanyar da kayan duniya ke iso masu. Inda kaya suka bi, mutane ma sun bi.

Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya yi littafi sukutum a kan yadda Katsina ta sauya daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a Zariya a 1981. Shi da malaminsa Abdullahi Smith sun ja hankalin masu karatu su daina neman jarumi guda da ya sauko daga doki ya kafa ƙasa. A fahimtarsu, birnin Hausa a hankali yake tasowa. 'Yan gidaje ne na manoma da mafarauta suke zama ƙauye. In wurin yana da ƙasar noma da ruwa da tama ta maƙera, ko wani dutse ko itace da ake girmamawa, sai baƙi su yi ta sauka har ya zama gari. In hanyar fatake ta ratsa ta nan, garin ya ƙara cika da mutanen da ba dangin juna ba, dole a samu mai raba gardama wanda ya wuce maigidan zuri'a ɗaya. Daga nan sarauta take tsira, daga nan ake tunanin ganuwa.

Baƙon da ya zama mai gida

Yanzu mu zo kan Korau, amsar da ta fi kusa da gaskiya in birnin ake magana. Ruwayar baka ta ce mutumin 'Yandoto ne, tsohon garin malamai da ke kusa da Tsafe a jihar Zamfara ta yau. Ya zo Katsina a zamanin Sarki Sanau. Al'adar lokacin, kamar yadda ake ba da labari, ita ce sarki yana kare gadonsa da kokawa. Aka ce Sanau yana da laya da ba a kayar da shi in tana jikinsa, matarsa ta tona asirin, aka kara a gindin tsamiyar Bawada, Korau ya kai shi ƙasa ya yanka shi. Takobin da aka ce da shi ya yi aikin, Gajere, yana cikin kayan sarautar Katsina har gobe.

Ba sai ka gaskata zancen laya ba kafin ka ga abin da labarin yake adanawa. Mulki ya fita daga hannun tsohon gida ya koma hannun wanda ya zo daga waje, kuma Katsinawa ba su ɓoye hakan ba. Kirarin Korau kansa yana tuna shi a matsayin baƙon Sanau. Ana lissafa Muhammadu Korau a matsayin sarkin Katsina Musulmi na farko. Wasu jerin sarakuna suna sa shi a tsakiyar ƙarni na 14, Bala Usman kuma ya sa mulkinsa a wajajen 1445 zuwa 1495. Zamaninsa ake dangantawa da kafuwar fadar da muka sani da kuma masallacin Gobarau, wanda hasumiyarsa ta ƙasa mai tsayin kusan mita 15 take tsaye har yau a tsakiyar gari.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka yi da waɗanda aka kayar. Ba a shafe sunansu ba. Sarautar Durɓi ta rayu, ta shiga cikin manyan sarautun ƙasa. Yau ɗin nan Durɓin Katsina shi ne hakimin Mani, inda kusheyin suke, kuma yana cikin masu zaɓen sarki tare da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka. Sabon mai gida ya ba tsohon mai gida kujera a zaure, har da ƙofa guda mai sunansa.

Ganuwa da ƙofofinta

Babbar ganuwar da ta kewaye birni ana danganta ta da Sarki Ali Murabus, a ƙarni na 16. Babu tifa, babu siminti. Ƙasa ce ake haƙa a kwaɓa a yi tubali, jama'a su fito aikin gayya, inda aka ɗebi ƙasar kuma ya zama rami a bayan bango, ƙarin kariya ke nan. Kowace damina ruwa yana cin nasa, kowane rani ana fitowa gyara. Ganuwar ba gidaje kaɗai ta rufe ba, ta haɗa da gonaki da fadamu, don in abokan gaba sun yi wa gari zobe kada yunwa ta ci mutane, kuma in mutanen ƙauye sun gudo da dabbobinsu a samu inda za a sauke su.

Ƙofofin da muke kira kullum a bakin 'yan Keke su ne mashigar wannan bango: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Kwaya, Ƙofar 'Yanɗaka, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa. Ka lura huɗu daga cikinsu, wato Ƙaura da 'Yanɗaka da Durɓi da Marusa, sunayen sarautu ne. Kowace ƙofa tana kallon wata nahiya, tana da mai tsaronta, ana rufe ta da dare a buɗe da safe. Ƙofar Kwaya ta ɓangaren kudu take, hanyar da yau muke bi zuwa Dutsin-ma.

Mu matasa in an ce ganuwa, hankalinmu yana tafiya kan hana shiga. Amma bango mai ƙofa bakwai an yi shi ne don a shiga. Ɗan kasuwa ba ya sauke kayansa inda ba tsaro, malami ba ya buɗe makaranta inda za a kwashe mashi almajirai. Ganuwa ita ce ta ce wa baƙo: zo, a nan za ka kwana lafiya. Suka kuwa zo.

Wangarawa, 'yan kasuwa da malamai daga ƙasar Mali, suna cikin na farko-farko. Buzaye sun zo ta Agadas da gishiri da raƙuma. Larabawan Arewacin Afirka sun zo, Barebari sun zo, Fulani makiyaya da malamai sun zo. A farkon shekarun 1490, daidai lokacin da Kolumbus yake isa gaɓar Amurka, Shehu al-Maghili na Tilimsan yana ƙasar Hausa, ya zauna Kano ya zauna Katsina. Babban malamin Masar, Jalaluddin al-Suyuɗi, ya rubuto wasiƙar nasiha da ta ambaci Sarkin Katsina Ibrahim. Wali Ɗan Takum, wanda ya yi alƙalanci a nan ya rasu a wajajen 1529, daga yamma ya taso, ya yi karatu ya je Makka, a hanyar dawowa ya yada zango a Katsina bai ƙara gaba ba. Wali Ɗan Masani, da aka haifa a 1595 ya rasu a 1667, asalin gidansu Barno ne, ga shi yau unguwa guda, Masanawa, tana ɗauke da sunansa.  Waliyyan nan da muke alfahari da su, in da a zamaninmu suka zo, da wani ya tambaye su takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma.

Bayan da sojojin Maroko suka rusa daular Songhai a 1591, hanyoyin fatauci da yawa suka karkato gabas, Katsina ta ci moriyar haka ƙwarai a ƙarni na 17 da na 18. Ilimi ma ya kai inda ɗan Katsina yake fita ya koyar a waje. Muhammad al-Kashinawi, Bafulatanin malami masanin lissafi, ya yi rubutu a kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

In kana son ganin wannan tarihi ba tare da ka buɗe littafi ba, saurari sunayen unguwanni. Yarinci da Galadanci suna gaya maka wane basarake ne ya zauna a wurin. Darma da 'Yan Shuni suna gaya maka sana'a. Unguwar Alƙali da Unguwar Liman ba su buƙatar fassara. Tsohuwar Kasuwa tana gaya maka cewa kasuwa ta taɓa tashi ta koma wani wuri. Taswirar cikin birni rajista ce ta waɗanda suka zo, sai dai ba mu iya karanta ta ba.

Dallaje, Maraɗi da Dikko

Saura amsoshi biyu. Lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mutum uku ne suka jagoranci yaƙi a ƙasar Katsina: Ummarun Dallaje, Ummarun Dumyawa da Muhammadu Na Alhaji. Birni ya faɗi a wajajen 1807, Ummarun Dallaje ya zama sarki, daga gare shi gidan Dallazawa ya fara. Shi ma sunansa yana faɗin inda ya fito, garin Dallaje. Zuri'ar tsofaffin sarakuna suka yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi. Shi ya sa har yau sarkin can ake ce mashi Sarkin Katsinan Maraɗi. Katsina biyu ce, iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta bi ta tsakaninsu.

Wannan sauyi yaƙi ne, kuma garin ya ji jiki. An yi shekaru ana kai hari tsakanin Katsina da Maraɗi, fatake suka karkata Kano. Bajamushe matafiyi Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim a tafiyarsa, ya shigo Katsina a 1851 ya sake dawowa a 1853. Ya ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 13 zuwa 14, wato sama da kilomita 20. Ya ce fili irin wannan ko rabinsa aka cika zai ɗauki mutum 100,000, amma waɗanda ya tarar ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba. Ya rubuta jerin sunayen unguwanni, ya ce Ambuttai ce ake ɗauka mafi tsufa, ya kuma yaba Hausar Katsinawa da ladabinsu. Gari yana cika, gari kuma yana zubewa in tsaro ya tafi. Wannan darasi ba sabo ba ne a wurinmu.

A 1903 Lugga ya shigo da sojojinsa ta Ƙofar 'Yanɗaka. A 1906 aka naɗa Muhammadu Dikko, wanda yake riƙe da sarautar Durɓi a lokacin, ya zama sarki, gidan Sulluɓawa ya fara ke nan. Ya yi mulki har 1944. A zamaninsa aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, makarantar da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi, wadda gininta ya zama gidan tarihi yanzu. Bayansa Usman Nagogo, sai Muhammadu Kabir Usman a 1981, sai Abdulmumini Kabir Usman a 2008. Direbanmu bai yi ƙarya ba, Katsinar zamani da hannun Dikko a ciki. Kuskurensa kawai ya fara ƙirga daga shafi na kusa da ƙarshe.

Mi ya shafe mu?

Na san wani zai ce, to malam, mun ji, amma wannan zai sa mani data ne? Ga inda ya shafe mu.

Duk mai hawa Facebook ko TikTok ko X ya ga irin faɗan da ake yi kwanan nan a kan asali. Wannan ya ce shi Bahaushe ne zalla, wancan baƙo ne. Wancan ya ce kakanninsa ne suka kawo addini, saura su yi shiru. Ana yanko rabin labarin Korau ko rabin labarin jihadi, a ɗora mashi kiɗa mai tayar da tsikar jiki, a saka a bidiyon minti ɗaya, mu kuma mu yi ta turawa. Ba na raina zafin da ke bayan wasu kalaman. Wanda aka kashe wa uba a gona ko aka sace wa ƙanwa, ba za ka ce mashi ya yi sanyi da baki kawai ba. Amma mai laifi sunansa mai laifi, kuma tarihin garin nan bai ba kowa lasisin korar wani ba. In za a bi layi a ce kowa ya koma inda kakansa ya fito, Gidan Korau kansa sai ya koma 'Yandoto.

Akwai abin lura a yadda Amurkawa suke riƙe irin wannan tarihi. Gundumomin karkara da yawa a can suna da ƙungiyar tarihi da ɗan gidan adana kaya, za su gaya maka shekarar da aka yanka gundumar da sunan wanda ya fara kafa bukka. Abin ya zo masu da sauƙi don akwai takardu. Wata doka ta 1862 ta ba mutum eka 160 in ya zauna ya noma ta shekara biyar, kuma komai a rubuce yake. Wannan himma ta adanawa abin koyi ce. Sai dai wanda suke kira na farko, na farko ne a takarda kawai, domin akwai ƙabilun da Turawa suka tarar a wurin, aka kore su, littafin gunduma ya ba su shafi ɗaya ko ya tsallake su. Mu namu labarin na baka bai da ranaku daidai, amma ya fi nasu kunya, don bai taɓa cewa Korau ya tarar da daji ba.

Sai kuma abin da ke gaban idonmu. Shekarun nan mutanen Batsari da Jibiya da Safana da wasu yankuna sun yi ta shigowa cikin Katsina saboda 'yan bindiga. Muna ganinsu a kangaye, a bakin titi, a gidajen 'yan uwa da suka cika suka batse. Wasunmu har tsaki muke yi, wai sun cika gari. To ai aikin da aka gina birnin nan don shi ke nan. Fili aka bari a cikin ganuwa musamman saboda ranar da mutanen ƙauye za su gudo. Yaron da ke talla yau a gadar ƙasa ta Ƙofar Kwaya, wadda aka buɗe a farkon 2023, jikokinsa za su ce su Katsinawa ne, kuma gaskiyarsu.

Abin da Iya ta gaya mani

Ban so in saka wannan ba, amma rashin saka shi zai zama rashin gaskiya. Watannin baya na taɓa rubuta wa wani a ƙarƙashin wani rubutu cewa ya yi shiru, shi ba ɗan asalin Katsina ba ne. Na samu masu danna mani alamar so da yawa, na ji daɗi.

Da na fara wannan bincike, sai na je wurin kakata, na kunna naɗin murya a waya na ce, "Iya, mu daga wace unguwa muka samo asali?" Ta kalle ni ta yi dariya ta ce, "Kai maigidan, sai yau ka tuna kana da asali? Zauna."

Ashe kakan mahaifina daga wajen Damagaram ya zo, a ayarin masu kanwa, zamanin Dikko. Ciwo ya kwantar da shi a nan, ayari ya gaji da jira ya wuce. Wani malami a cikin birni ya ajiye shi a zaure ya yi jinyarsa, da ya warke ya zauna yana karatu yana 'yar sana'a, daga baya malamin ya ba shi ɗiyarsa. Ita kuma Iya, mahaifiyarta Bafulatana ce daga wajen Ruma. Ta ce, "To ka ji. In ka ga dama ka raba jinin naka, ka mayar wa kowa nashi."

Daren nan na nemo wancan rubutu nawa na goge. Naɗin muryar ya kai minti arba'in, na tura shi a zauren WhatsApp na gidanmu. Cikin 'yan uwana sama da ashirin, biyu ne kawai suka taɓa jin labarin.

Ganuwa ta tafi, tsofaffi na tafiya

Mafi yawan ganuwar Katsina yau babu ita. Wani wuri ruwa ya cinye, wani wuri an ɗebi ƙasar an yi gini, wani wuri gidaje da shaguna sun hau kai. Garin ya zama babban birnin jiha tun 23 ga Satumba 1987, ya tsallake tsohon bango ta kowace fuska, har yaran da aka haifa a sababbin unguwanni suna ɗaukar Ƙofar Kwaya a matsayin sunan tasha kawai. Ba za mu iya mayar da bango mai kilomita 20 ba. Amma akwai wani abu da ke zubewa da sauri fiye da ganuwa, wato abin da ke cikin kan kakanninmu, kuma wannan kam muna da kayan aikin ceto shi a aljihu.

Wayar da muke ɗaukar bidiyon rawa da ita za ta iya ɗaukar muryar tsohuwa. Tambayoyin ba su da wuya: wa ya fara zama a gidan nan, daga ina ya zo, mi ya kawo shi, wa ya sauke shi, wace sana'a ya yi? Ka rubuta ranar da ka ɗauka da sunan mai magana, ka ajiye a wuri biyu don waya tana ɓata. In abin da kaka ta faɗi ya saɓa da na littafi, kada ka gyara mata, ka ajiye duka biyun. Ranar Asabar ɗaya kuma ku haɗa kuɗin Keke ku je Gobarau, ku shiga gidan tarihi na tsohuwar kwaleji, ku leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha ku yi tambaya. Kafin ka tura bidiyon tarihi na gaba, ka tambayi mai shi inda ya samo.

Makon jiya muka sake biyowa ta Ƙofar Kwaya da ɗan Jos, na ce mashi na samo amsarsa. Ya ce to wa ye a cikin huɗun? Na ce ya ƙara kujeru, don akwai Durɓawa da Wangarawa da Buzaye da Barebari, akwai wani mai kanwa daga Damagaram da ciwo ya tsayar. Ya ce wannan ai ba amsa ba ce, taron biki ne. Na ce in ya gama karatu ya samu aiki ya yi aure a nan, shi ma za a sa sunansa. Ya ce sai dai in an rage zafin watan Afrilu.

Kai fa, ta wace ƙofa naku suka shigo? Je ka tambayi Iya tun tana nan.